Kaciyar Mata: Hanyar Malama Kakenya ta Kenya da Tambayar da ke Gaban Kebbi da Zamfara

Duk shekara idan 6 ga Fabrairu, ranar yaƙi da kaciyar mata ta duniya, ta zagayo, akan ji maganar kaciyar mata a rediyo, a gayyato likita da malami da jami'ar ma'aikatar mata su yi bayani. Amsar da mai sauraro a Argungu ko Talata Mafara ya fi bayarwa ita ce: "Wannan ai al'adar mutanen Kudu ce, mu nan ba mu yi." Yana da gaskiya ta wani gefen, domin gidajen Hausawa ba su san wani biki da ake tara 'yan mata a yi musu kaciya ba. Sai dai ga doka ta zo tana maganar ɗauri da tara, ga alƙaluman lafiya suna sanya Arewa maso Yamma cikin yankunan da abin ke faruwa. A 2024 kuma muhawarar majalisar dokokin Gambiya kan soke haramcin kaciyar ta yi yawo a wayoyin mutane, wasu na cewa haramcin yaƙi ne da addini, wasu na cewa ceton rai ne. Mutum ya rasa wacce zai kama.

Ita kanta ranar daga bakin 'yar Najeriya ta fito. Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa a lokacin, ita ta ayyana ta a wani taro a Addis Ababa a 2003, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe ta a 2012. Amma wanda yake son ya gane yadda mutane ke barin irin wannan al'ada da kansu, ya fi samun haske a rayuwar wata malama 'yar Kenya, Dakta Kakenya Ntaiya, wadda aka yi wa kaciyar tana yarinya, ta yi karatu har Amurka, ta dawo garinsu ta buɗe makarantar da ta tsaya tsakanin 'yan mata da wuƙar. Akwai abin ɗauka a hanyarta. Akwai kuma inda hanyar ba za ta ɓulle a Kebbi da Zamfara ba sai an sake mata fasali.

Me ake nufi da kaciyar mata?

A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, duk wani yanka ko rauni da aka yi wa al'aurar mace ba bisa dalilin likita ba, kaciyar mata ne. Ta kasa shi huɗu. Na farko shi ne cire ɗan tsaka, duka ko wani sashe. Na biyu a haɗa da leɓɓan ciki. Na uku, wanda ya fi tsanani, a yanke sannan a ɗinke gaban, a bar 'yar ƙofa ta fitsari da jinin al'ada. An fi saninsa a Somaliya da Sudan da Jibuti. Na huɗu ya tattara sauran: tsagawa, hudawa, kankarewa da ƙonawa. A wannan kason na huɗu ne ƙasar Hausa ta fi shigowa, ta hanyar abubuwa biyu da kowa ya sani amma ba a kiran su kaciya: cire angurya da yankan gishiri.

Safiyar suna, ko kafin nan a wasu gidajen, wanzami kan zo da zabirarsa. A shimfiɗa tabarma, ungozoma ko kakar jaririya ta ɗora ta a cinya, ya yi askin suna, ya cire beli, in gidan masu tsaga ne ya yi tsaga. Idan mace ce sai ya duba gabanta. Da ya ga ɗan nama ya leƙo, sai ya ce akwai angurya, ya sa aska ya cire. Mai jego tana ɗaki, sau da yawa ba a ma shawarce ta ba. In ta tambaya, abin da za ta ji daga uwar miji shi ne: "Kwantar da hankalinki, ɗiyata, haka aka yi miki, haka aka yi mini." Abin da ake tsoro shi ne idan aka bar naman zai girma ya toshe hanya, ranar aure miji ya kasa kusantar matarsa, abin ya zama abin kunya ga dangi. Likitocin yara kuwa sun ce wannan ɗan naman ɓangare ne na tantanin budurci, yana kumbura ne saboda sinadaran jikin uwa da jaririya ta fito da su, kuma yakan koma da kansa cikin makonni. Toshewar gaske tana faruwa, amma ba kasafai ba, kuma gyaranta aikin asibiti ne.

Yankan gishiri na manya ne. Naƙuda ta kwana, ta sake yini, kan ɗa bai sauko ba, sai a ce gishiri ne ya tare hanya. Ungozoma ko wanzami ya sa aska ko reza ya tsaga bangon farji ta ciki, galibi ta gaba. Ana yin sa kuma ga amaryar da kwanciyar aure ta gagara, ko matar da ba ta haihu ba, ko wadda al'adarta ta ɗauke. Matsalar ita ce ta wannan gaban ne mafitsara da bututun fitsari suke, abin da ya raba su da farji ba shi da kauri. Aska ta ɗan zarce, sai yoyon fitsari. Wani bincike da Dakta Tahzib ya wallafa a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin koyarwa na Zariya ya gano kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne sanadinsu, mafi yawan sauran kuma doguwar naƙuda.

Mata kan ce, "To ai asibiti ma suna ƙari." Tambaya ce mai ma'ana. Ƙarin asibiti ana yin sa ne ta baya, gefe da dubura, nesa da mafitsara, lokacin da kan ɗa ya riga ya iso bakin hanya, da allurar kashe zafi, sannan a ɗinke. Naƙudar da ta maƙale kuwa, yawanci ƙashin ƙugu ne ya yi wa kan ɗa kaɗan, ko ɗan ya zo a karkace. Yanka nama ba ya faɗaɗa ƙashi. Abin da ke fitar da uwa da ɗa a nan tiyata ce.

Yarjejeniyar da yarinya ta ƙulla da mahaifinta

An haifi Kakenya Ntaiya a 1978 a ƙauyen Enoosaen da ke gundumar Narok, kudu maso yammacin Kenya. 'Yar ƙabilar Masai ce, makiyayan da dukiyarsu da darajarsu shanu ne. Ita ce babba cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinta ɗan sanda ne da ke aiki nesa da gida, mahaifiyarta ke noma da kiwo ta ciyar da su. Tana shekara biyar aka yi mata baiko. A al'adarsu yarinya takan kai farkon balaga a yi mata kaciya a gaban jama'a, daga nan ta zama mace, sai aure. Makaranta ta ƙare ke nan.

Ita kuwa burinta ta zama malamar makaranta. Ta sha faɗa cewa abin da ya fara jan hankalinta shi ne yadda take ganin malamai mata da tufafi masu tsabta, ba su yini a gona kamar mahaifiyarta. Da lokacin kaciyarta ya matso, sai ta sami mahaifinta da sharaɗi: za ta yarda a yi mata, idan zai bar ta ta koma makaranta, in ya ƙi, za ta gudu, ya zauna da kunyar zama uban da ɗiyarsa ba ta yi kaciya ba. Ya amince. Aka yi mata da tsohuwar wuƙa, ba maganin kashe zafi, ta zubar da jini har ta suma. Mahaifiyarta ce ta nemo ma'aikaciyar jinya ta duba ta a ɓoye. Da ta warke ta koma aji.

Wannan wurin yana buƙatar a tsaya a kansa, domin masu ba da labarin sukan wuce shi da sauri. Kakenya ba ta tsira ba. Da jikinta ta biya kuɗin karatunta. Abin da ta gane tun tana ƙarama shi ne mahaifinta ba mugunta ke tura shi ba, tsoron bakin mutane ne, kuma da wannan tsoron ta yi ciniki da shi.

Da ta gama sakandare ta sami gurbi da tallafi a kwalejin mata ta Randolph-Macon a jihar Birjiniya ta Amurka, amma babu kuɗin jirgi, kuma ba a taɓa barin wata yarinya daga ƙauyen ta yi irin wannan tafiya ba. Masai suna da al'adar cewa wanda ya zo maka kafin fitowar rana alheri ya kawo, ba a ce masa a'a. Sai ta riƙa sammako tana bin dattawan garin gida-gida, ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu alƙawarin za ta dawo ta amfani garin da abin da ta koyo. Suka yarda, gari ya haɗa kuɗi. A Amurka ne ta fara sanin cewa abin da aka yi mata yana da suna a littattafan likita, kuma ba dole ba ne ga kowace mace. Ta yi aiki da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin mai ba da shawara kan matasa, ta kuma kammala digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar Pittsburgh a 2011.

Tun kafin ta gama, a 2009, ta buɗe makarantar kwana ta 'yan mata a Enoosaen, da ɗalibai kimanin 30, a filin da dattawan garin suka bayar. Sharaɗin shiga ɗaya ne ya bambanta ta da sauran makarantu: iyaye za su yi alƙawarin ba za a yi wa yarinyar kaciya ba, ba kuma za a aurar da ita ba muddin tana karatu. A madadin haka yarinya ta sami abinci, wurin kwana, kayan makaranta da koyarwa mai kyau. Ƙungiyarta na cewa ɗalibanta sun kuɓuta daga kaciya da auren wuri, da yawa sun kai jami'a. A 2013 gidan talabijin na CNN ya sanya ta cikin gwarazansa goma na shekara.

Abin da aka gwada kafin ita

Darajar wannan hanya tana fitowa ne idan aka duba tarihin Kenya ɗin kanta. A 1929 mishan ɗin Cocin Sikotland ƙarƙashin Dakta John Arthur ya tilasta wa mabiyansa 'yan ƙabilar Kikuyu su yi rantsuwar barin kaciyar mata ko a kore su. Mutane da yawa suka fice daga cocin, suka cire 'ya'yansu daga makarantun mishan, suka kafa nasu. Kaciyar ta koma alamar ƙin mulkin mallaka, har Jomo Kenyatta, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, ya kare ta a lokacin. A 1956 majalisar dattawan ƙabilar Meru, da goyon bayan Turawan mulki, ta haramta ta. Sai 'yan mata suka riƙa sayen reza suna shiga daji suna yi wa junansu. Cikin shekara uku an gurfanar da mutum sama da 2,000.

Ba wai doka ba ta da amfani ba. Kenya ta hana kaciyar yara mata a dokar 2001, ta yi cikakkiyar doka a 2011 mai ɗaurin aƙalla shekara uku. Binciken lafiya na ƙasar ya nuna adadin matan da aka yi wa ya sauko daga kashi 38 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 15 a 2022. Sai dai raguwar ta tafi kafaɗa da kafaɗa da yawaitar karatun mata, kuma inda aka dogara da tsoron hukuma kaɗai, wasu iyayen sun koma yi a ɓoye, ko su rage shekarun yarinyar, ko su tsallaka da ita Tanzaniya. Abin da Kakenya ta ƙara shi ne ta ba uba abin da zai nuna wa 'yan'uwansa maza idan suka tambaye shi dalili: ɗiyata tana makarantar da gari ya ba da fili aka gina.

Inda ra'ayoyi suka rabu

A Kebbi da Zamfara tambayar farko ita ce ta addini. Alƙur'ani bai ambaci kaciyar mata ba. Malaman da suke ganin tana da asali suna kafa hujja da hadisin Ummu Aɗiyya, inda aka ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wata mai yi wa mata kaciya a Madina da kada ta zurfafa. Suna kuma kawo ingantaccen hadisin da ya ce idan kaciya ta haɗu da kaciya wanka ya wajaba, a matsayin shaidar cewa an san abin a wancan zamani. Shafi'iyya sun ɗauke ta wajibi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Gwandu da Gusau, ta ce kaciya sunna ce ga maza, ga mata kuma karramawa ce, wato ba wajibi ba.

Malaman ɗaya ɓangaren suna cewa Abu Dawud da ya ruwaito hadisin Ummu Aɗiyya shi da kansa ya raunana shi, hadisin wanka kuma hukuncin wanka yake bayani, ba umarni da kaciya ba. Suna ƙara da cewa ba a ruwaito an yi wa 'ya'yan Annabi mata ba, kuma abin da ba wajibi ba, idan cutarwarsa ta tabbata, ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa" ta hau kansa. A kan wannan ne taron malamai a Azhar a 2006 ya yi kira a daina, Muftin Masar Ali Juma'a ya ce haramun ce a 2007 bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara 12, sannan a 2010 malamai 34 a Muritaniya, ƙasar Malikiyya kamar nan, suka sa hannu a fatawar hana ta.

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kansa ba, kuma shi ya fi shafar mutanen nan. Abin da littattafan fiƙihu suka tattauna daban, cire angurya da yankan gishiri daban. Waɗannan biyun maganin gargajiya ne, an gina su kan zaton wata cuta. Ko malamin da ya tsaya kan maganar Risala ba tsaga bangon farjin mai naƙuda yake karewa ba.

Wasu kuma na cewa a bar al'adar amma a mayar da ita asibiti, a yi da tsabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi wannan, bisa hujjar cewa aikin ba shi da wani amfani ga lafiya ko da wa ya yi shi, kuma shigar ma'aikacin asibiti yana sa mutane su ɗauka magani ne. Yarinyar nan ta Masar a hannun likita ta rasu. Game da illa, binciken da hukumar ta fitar a 2006 kan mata sama da 28,000 a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya, ya nuna waɗanda aka yi wa kaciya sun fi fuskantar tiyata da zubar jini bayan haihuwa, kuma ana samun ƙarin mutuwar jariri ɗaya zuwa biyu a kowace haihuwa 100. Ya kamata a faɗi cewa haɗarin ya fi yawa a nau'in da ya fi tsanani. Ga jaririyar da aka cire wa angurya, abin tsoro na kusa shi ne zubar jini, domin jininta kaɗan ne, sai cutar tetanus da ke sandarar da jarirai, sai ciwon hanta da ƙanjamau idan aska ɗaya ta zaga gidaje.

Ra'ayi na uku shi ne na masu ganin duk wannan katsalandan ne daga waje. Tarihin Kenya ya ba su abin kamawa. A can ma wata likita, Tatu Kamau, ta kai ƙara tana cewa babbar mace tana da 'yancin zaɓar al'adarta, babbar kotu ta kori ƙarar a 2021. A Gambiya majalisa ta ƙi soke haramcin a watan Yulin 2024. Ko da an karɓi hujjar 'yancin zaɓi, ba ta isa Najeriya sosai ba, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 86 cikin 100 na matan da aka yi wa kaciya ba su kai shekara biyar ba lokacin da aka yi musu.

Su kuma wanzamai, ba a cika tambayarsu ba. Sana'a ce ta gado, da ita ake ci, ranar suna ake samun kuɗi da hatsi da kason nama. Wanzami zai ce shekara da shekaru yana yi bai ga illa ba, kuma yana iya zama gaskiyar abin da ya gani ya faɗa, tunda wahalar da za ta zo a ɗakin aure ko wajen haihuwa ba a gabansa take zuwa ba.

Doka da alƙaluma a Najeriya

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Sashe na 6 ya haramta kaciyar mata. Wanda ya yi, ko ya sa aka yi, zai iya fuskantar ɗaurin da bai wuce shekara huɗu ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Wanda ya taimaka ko ya zuga, shekara biyu ko naira 100,000. Dokar tarayyar a Abuja take aiki kai tsaye. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Yawancin jihohi sun yi, Kebbi ta yi a 2022 zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Maƙwabciyarmu Nijar ta haramta tun 2003.

Dokar tarayyar ba ta ambaci angurya ko gishiri da suna ba, kuma wannan yana cikin tushen ruɗanin. Haka alƙaluma. Binciken lafiya na ƙasa ya ba da kashi 19 cikin 100 a 2003, ya haura 30 a 2008, ya sauko 25 a 2013, sannan 20 a 2018. Tsallen 2008 ba wai mutane sun ƙara yi ba ne kawai. A shekarar ne masu tambaya a Kano suka lissafa angurya da gishiri, daga 2013 aka riƙa tambayarsu a ko'ina. A binciken 2018, a tsakanin manyan mata Kudu maso Gabas da Kudu maso Yamma ne kan gaba, da kashi 35 da 30. Amma a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 15, UNICEF ta ce adadin ƙasar ya ƙaru daga kashi 16.9 a 2013 zuwa 19.2 a 2018.

Ga talaka, abin da dokar ke nufi a takarda shi ne uban da ya kira wanzami ya biya, da kakar da ta riƙe jaririya, duk suna iya shiga cikin laifin. A aikace da wuya a ji an gurfanar da wani, kuma ba abin mamaki ba ne: mai jego ba za ta kai ƙarar uwar mijinta ba. Haɗarin da ke akwai shi ne idan aka fara kame ba tare da wayar da kai ba, gidan da jaririyarsu ke zubar da jini za su ji tsoron kai ta asibiti, su tsaya neman magani a gida har lokaci ya ƙure.

Abin da zai yi aiki a nan, da wanda ba zai yi ba

Babban bambancin Enoosaen da Anka ko Bagudo shi ne lokaci. Yarinyar Masai tana da wayo lokacin da wuƙa ta zo, tana iya magana, tana iya gudu, malamarta tana iya tsaya mata. A nan an gama komai cikin makon farko. Kafin yarinya ta shiga aji ɗaya, shekara shida ke nan da aukuwar abin, ita kanta ba ta san an yi ba. Saboda haka alƙawarin da Kakenya take karɓa a ƙofar makaranta, a nan wurin karɓarsa shi ne wajen awon ciki, kuma daga bakin miji da uwar miji, tunda su ke kiran wanzami. Amfanin makaranta a nan na gaba ne: ɗalibar yau ita ce mai jegon da za ta iya cewa, "Inna, a bari a kai ta asibiti su duba tukuna."

Makarantar kwana ma, wadda ita ce ginshiƙin aikin Kakenya, ta zama abin fargaba. Bayan sace ɗalibai 279 a Jangebe a Fabrairun 2021 da harin kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin shekarar, ba a ganin laifin uban da ya ƙi barin ɗiyarsa ta kwana a makaranta. Inda mata ke taruwa ba fargaba su ne Islamiyyun unguwa da makarantun matan aure, kuma malamar Islamiyya tana da kunnen kaka fiye da kowane jami'i daga Abuja.

Abin da ke ɗaukuwa kai tsaye shi ne bin dattawa tun farko. Yankin nan ya taɓa ganin haka. A 2003 Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi. Abin da ya juya lamarin shi ne shigar sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da hakimai da limamai, har aka tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayar cutar a 2020. Wanzamai suna da nasu shugabanci, akwai Sarkin Aska a fadoji, kuma maganar da ta fito daga fadar Gwandu ko Argungu ko Yauri ko Zuru tana isa gare su ta wannan hanya. A Sakkwato an taɓa gwada haɗa kai da wanzamai su riƙa tura jarirai rigakafi, tunda su ke fara shiga gidan haihuwa. Wanzamin da aka bar masa askin suna da kaciyar maza da ƙaho, aka kuma ba shi matsayi a sabon tsari, ya fi sauƙin ajiye aiki ɗaya fiye da wanda aka kira mai laifi a rediyo.

Senegal ta ƙara wani darasi. A 1997 matan ƙauyen Malicounda Bambara suka yi shelar daina kaciya. Wani limami, Demba Diawara, ya ja hankalin masu wannan yunƙuri cewa ƙauye ɗaya ba zai iya dainawa shi kaɗai ba, domin 'ya'yansa mata a maƙwabtan ƙauyuka za su yi aure. Ya taka da ƙafa ya bi garuruwan danginsa, a 1998 ƙauyuka 13 suka yi shela tare. Tsoron da ke bayan angurya ma na aure ne: kada a dawo da amarya a ce ba a gyara ta ba. Gida ɗaya ba ya kawar da wannan tsoron sai dangin da ake auratayya da su sun yarda.

Yankan gishiri kuwa ba wa'azi kaɗai zai kawar da shi ba. Binciken 2018 ya nuna haihuwar da ƙwararrun ma'aikatan lafiya suka karɓa a Kebbi ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Ungozomar da ke gaban mace mai naƙudar kwana biyu, cikin dare, a ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, babu mota, babu kuɗin tiyata, za ta yi abin da ta gada ne, domin ba ta iya zuba ido. Hana ta aska ba tare da ba ta lambar direban da zai zo da asibitin da zai karɓa ba, rabin aiki ne.

Ga waɗanda abin ya riga ya shafa, yoyon fitsari yana gyaruwa a mafi yawan lokuta. Akwai cibiyar Gesse a Birnin Kebbi, akwai sashen da ke asibitin Farida a Gusau, akwai babbar cibiyar ƙasa ta Babbar Ruga a Katsina, kuma galibi aikin kyauta ne. Likitoci kan ba matar da aka yi wa gyara sharaɗin ta huta wata uku zuwa shida kafin ta koma wa miji, sannan duk cikin da ta samu a gaba a asibiti za ta haihu, yawanci ta tiyata, don kada ɗinkin ya sake buɗewa. Wannan yana nufin miji ya fara tanadin kuɗin mota da na asibiti tun cikin yana ƙarami, in da hali ma ta koma kusa da gari wajen dangi idan watanta ya kama.